Hotunan kufan Iskandariyya: in datse benayen ko in bar su?

Auwal_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu ɗaukar hoto da waɗanda suka san Iskandariyya. Shekarata uku ina karatu a Alƙahira, sai makon jiya Allah ya nufe ni da zuwa. Na hau jirgin ƙasa na safe daga tashar Ramsis, na sauka a Mahaɗɗat Misr, babbar tashar Iskandariyya, na ɗauri niyyar ba zan shiga mota ba, da ƙafa zan zaga. Na fara da kufan Rumawa na Kom el-Dikka da ke dab da tashar, na taka zuwa Amudus Sawari, wani dogon ginshiƙin dutse a unguwar Karmuz, na ƙarasa makabartar ƙarƙashin ƙasa ta Kom el-Shoƙafa, la'asar ta riske ni a bakin teku ina nufar Ƙal'ar Ƙaitbai, tsohon ginin tsaro na bakin ruwa. Hotunan da na dawo da su sun haura ɗari uku, amma da na zauna dubawa sai raina ya ɓaci. Duk inda na saita kyamara, ga bene mai hawa goma a bayan kangon, ga shanya a baranda, ga kwandunan satalayit, ga wayoyin lantarki. Abokina ya ce in datse su, ko in goge da manhaja, tunda tarihi na je ɗauka ba unguwa ba. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya da haka. Me kuka gani?

Sadiya_MaiHoto:
Wa alaikumus salam Malam Auwal. Sana'ata ke nan, kuma na taɓa zuwa garin. Datsewa daban, gogewa daban. Datsewa zaɓi ne, duk mai kyamara yana yin sa tun lokacin da ya saita ta. Gogewa kuwa ƙarya ce, don ka nuna wa mutane wurin da babu shi a duniya. Kada ka goge komai.

Bakatsine92:
Ni dai ina bayan abokinka. Wanda zai kalli hoton ginshiƙin yake son gani, ba zanen gadon wani ba.

Malam_Tukur_Tarihi:
Auwal ɗana, abin da ya ɓata maka rai shi ne ainihin labarin garin. Iskandariyya ba kufai ba ce irin wadda mutane suka tashi suka bari. Tun da Iskandar ɗan Masedoniya ya kafa ta shekara 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ba a taɓa daina zama a cikinta ba, kowane zamani a kan na baya yake gini. Shi ya sa da ka shiga Kom el-Dikka ka ga gangarawa kake yi, titi yana sama, kujerun dandalin Rumawa suna ƙasa cikin rami. Masu haƙa 'yan ƙasar Folan ne suka fara aiki a wurin a 1960, suka yi ta kwashe ƙasa har dandalin ya fito da layukan kujerunsa 13 na farin dutse, da gidan wanka na jan bulo, da ɗakunan koyarwa. Sauran tsohon birnin yana nan ƙarƙashin waɗannan benayen da kake so ka cire. Titin Fu'ad da ka tsallaka, a kan babban titin birnin na farko yake kwance, titin Nabi Daniyal inda masu sayar da tsofaffin littattafai suke shi ma a kan wani tsohon titin yake. In ka cire benen, ka cire amsar tambayar da duk baƙo yake yi, wato ina sauran garin ya tafi.

Auwal_Fagge:
Baba Malam Tukur, Allah ya ƙara ilimi. Wallahi na bi titin Nabi Daniyal ban san a kan me nake tafiya ba.

Ibro_Maradi:
Salamu alaikum jama'a. Maganar Malam gaskiya ce, amma ba ta hana mutum ya samu hoto mai tsabta ba tare da ya goge komai ba. Dabara ce kawai. Amudus Sawari bisa tudu yake. Ka sauko ƙasa, ka durƙusa, ka ɗaga kyamarar sama, sai sararin samaniya ya zama bangonka. In ka sa ɗaya daga gumakan nan biyu masu jikin zaki da kan mutum a gaba, ginshiƙin a baya, benayen za su ɓuya da kansu. Matsalarka ina jin a tsaye ka ɗauki duka, daidai tsayin ido. Kuma ka jira wani ya gifta kusa da gindin ginshiƙin kafin ka danna, in ba haka ba wanda bai je ba ba zai gane girmansa ba. Tsayinsa ya kai mita 27, kusan daidai da hasumiyar babban masallacin Agadas. Amma ta Agadas da laka aka ɗora ta sannu a hankali, shi kuwa jikinsa dutse guda ne tal, ya haura mita 20, daga Aswan aka ɗauko shi.

Zee_Gombe:
Tambaya don Allah, shi ne wanda Turawa ke kira ginshiƙin Pompey? Wane ne Pompey ɗin?

Malam_Tukur_Tarihi:
Shi ne, 'yata, amma sunan kuskure ne. Pompey jarumin Rumawa ne da aka kashe a Masar shekara 48 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), matafiyan Turai na da suka ɗauka don shi aka kafa. Rubutun Girkanci da ke gindinsa ya nuna na Sarkin Rum Diocletian ne, wajen shekara ta 300 miladiyya. Tsakaninsu ya fi shekara ɗari uku. Tudun da yake kai kuma nan ne babban ɗakin bautar gunkin Serapis ya kasance, wanda aka rushe a 391.

Abu_Hafsa:
Jama'a ku yi haƙuri, amma ni abin da ya dame ni ba benaye ba ne. Ɗalibin ilimi ya bar karatu ya tafi ɗaukar hoton gumaka da ɗakin bautar wanin Allah da kaburburan maguzawa, mene ne amfanin? Nasiha ce, ba faɗa ba.

DanAzhar_Sokoto:
Malam Abu Hafsa, Allah ya saka da alheri bisa nasiha. Amma Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Wanda ya tsaya gaban wancan tudun ya ga abin da ya rage na ginin da ya taɓa zama abin alfaharin birni guda, ba bauta ya je yi ba, wa'azi ya je ji da idonsa. Amr bn al-As (RA) ya ci garin tun zamanin Sayyidina Umar, Musulmi suka zauna da ginshiƙin nan ƙarni bayan ƙarni, har makabartarsu tana jikin wurin, da sunansa ake kiranta. Batun hoton abu mai rai kuwa saɓanin malamai sananne ne, kowa ya bi wanda ya natsu da shi.

Abu_Hafsa:
Na ji hujjarka a kan ziyarar. A kan hoton gumakan dai ina nan a kan bakana.

Auwal_Fagge:
Na gode Malam Abu Hafsa, na karɓi nasihar. Hutu muke yi, ba aji na bari ba. Kuma azahar da la'asar a masallacin Abul Abbas al-Mursi na haɗa su a matsayina na matafiyi, na leƙa na Imam Busiri mai Burda da ke kusa da shi.

Hajiya_Bilki_Kaduna:
Ni akwai abin da ban ji kowa ya taɓo ba. Kuna ta cewa a bar benaye, a bar shanya, wai shi ne gaskiyar gari. To wannan barandar gidan mutane ce fa. Kayan da ke kan igiyar na matar wani ne da 'ya'yansa. Karmuz unguwar talakawa ce, ba don baƙi suka yi shanyar ba. Da wani Bature zai zo Fagge ya saita kyamara ta saman katangarku ya ɗauki tsakar gidan mahaifiyarka, ya sa a intanet ya ce ga gaskiyar Kano, Auwal za ka yarda? Na yi shekara biyu a garin lokacin da maigidana yake aiki a can, na san mutanen suna da sakin fuska, amma ba sa son a mayar da rufin asirinsu abin kallo. In bene ya fito daga nesa a matsayin gini, ba laifi. Amma ka jawo baranda kusa har a gane rigar mutum, wannan ban yarda da shi ba.

Sadiya_MaiHoto:
Hajiya kin kama ni. Da na ce kada a goge komai ban yi tunanin wannan ba. Akwai hanya: ka buɗe lensi sosai, dutsen da ke gaba ya fito tas, bayan ya yi hazo-hazo. Za a san akwai gari, ba za a gane gidan kowa ba. Wayoyin yanzu ma suna yi, duk da wani lokaci suna cinye gefen dutsen.

Bakatsine92:
To ashe dai kun dawo maganata. Hazo da gogewa ai duk ɗaya ne.

Sadiya_MaiHoto:
Ba ɗaya ba ne yayana. Mai hazo ya ce maka akwai abu a nan amma ba shi nake nuna maka ba. Mai gogewa ya ce maka babu komai.

Nura_Injiniya:
Ƙari a kan maganar Hajiya, doka ma ta shigo ciki. A 2022 gwamnatin Masar ta sassauta, ta ce ɗaukar hoto na kashin kai a wuraren jama'a ba ya buƙatar izini ko biyan kuɗi. Amma ta hana ɗaukar yara, baligi kuma sai da yardarsa. Jirgin nan marar matuƙi kuwa kada ma ka kuskura ka shigo da shi ƙasar ba izini. Sannan ku kula da gefen tashar jiragen ruwa da wajen Ras el-Tin, akwai wuraren soja da ba a ɗauka. Ni an taɓa tsayar da ni a wani lungu kusa da ruwa, aka duba wayata aka sa na goge hotuna uku. Da mutunci aka yi, amma na ɓata kusan awa guda kuma hankalina ya tashi ƙwarai.

Ummu_Hanan:
Auwal, a wane lokaci ka isa kowane wuri? Ina zargin rana ce ta ɓata maka hotunan fiye da benayen.

Auwal_Fagge:
Anti, Kom el-Dikka wajen sha ɗaya, ginshiƙin kuwa ƙarfe ɗaya saura.

Ummu_Hanan:
Shi ke nan. Da rana tsaka farin dutse ba ya nuna komai, sai ƙyalli, inuwa kuma duk ta shige ƙarƙashi. Kujerun dandalin nan kyansu a inuwar da kowane layi ke jefawa a kan na ƙasa da shi yake, wannan kuwa sai rana tana gefe. Wahalar ita ce wuraren ba sa buɗewa da asuba, kuma wajen huɗu zuwa biyar an rufe, don haka da bazara ba za ka taɓa samun hasken yamma a ciki ba. Ka koma da hunturu, ka kwana, ka zama na farko a ƙofa da safe. Tsakar rana ka shiga Kom el-Shoƙafa, tunda ƙarƙashin ƙasa babu ruwansa da rana, ko gidan tarihin Girkawa da Rumawa da aka sake buɗewa a 2023. Wuni ɗaya daga Alƙahira ba ya isa, tafiyar jirgin kaɗai ta cinye maka safiyar.

Ibro_Maradi:
Hunturun can fa ba irin namu ba ne, ruwan sama ne da iska. Suna kiran guguwar nawwa, igiyar ruwa har bisa titin bakin teku take fallatsowa. Amma washegarin ruwa, wallahi babu kamarsa. Ƙura ta kwanta, gajimare ya yi kyau, dutse ya jiƙe launinsa ya fito. Ka riƙe ƙyalle mai laushi, gishirin teku yana hawa gilashin lensi ba ka sani ba, sai ka ga hotuna sun yi dishi-dishi.

Zee_Gombe:
Me ke cikin Kom el-Shoƙafan? Ana barin hoto?

Auwal_Fagge:
Ranar da na je an bar mu da waya, amma ba filasha. Ki tambaya a ƙofa don ƙa'idar tana canzawa. Tsakaninsa da ginshiƙin tafiyar minti goma ce ta cikin unguwa. Matakala ce mai zagaye kike bi kina sauka a gefen wani rami kamar rijiya, ta nan ake zura gawa da igiya. Hawa uku aka sassaƙa cikin dutse. Akwai wani ɗaki mai dakali uku inda dangin mamaci ke zama su ci abinci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani sassaƙe na Anubis, abin bautar Misrawan da mai kan dila, amma sanye da kayan sojan Rum. A nan kam babu bene babu shanya, sai duhu, rabin hotunan sun girgiza.

Sadiya_MaiHoto:
A irin wannan duhu ka manne gwiwar hannunka a ƙirji, ka riƙe numfashi, ka ɗauki uku a jere, ɗaya zai tsaya. Kada dai ka jingina da bangon da ke da zane.

Malam_Tukur_Tarihi:
Sunan ma yana da labari. Kom el-Shoƙafa na nufin tudun tsingaro, saboda tarin fasassun tukwane da aka samu a wurin. A 1900 aka gano shi, na ƙarni na biyu miladiyya ne.

Sani_Kumasi:
Baba Malam, shi wanda ya kafa garin ba shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi ba? Haka muka taso muna ji a zango.

DanAzhar_Sokoto:
Wasu malaman tafsiri sun faɗi haka, amma Ibn Kasir da wasu sun ƙi. Hujjarsu ita ce Iskandar ɗan Masedoniya, almajirin Aristo, ba mai tauhidi ba ne, Zulƙarnaini kuwa bawan Allah ne salihi. Allah ne mafi sani.

Kabiru_KofarMata:
Ni duk wannan zancen baƙin ciki yake sa ni. Su ko ba komai sun kewaye nasu, sun sa mai gadi, suna karɓar kuɗin shiga. Mu je ka ga badalar Kano, an yanka ta an yi shaguna, an ɗebi ƙasarta an yi bulo. Wani wurin in ba a faɗa maka ba, ka ce tudun juji ne.

Bakatsine92:
Gobarau dai tana nan a tsaye a Katsina, alhamdu lillahi.

Kabiru_KofarMata:
Tana nan, Allah ya ƙara kiyaye ta. Amma ga abin da nake nufi. Hotunan badala da aka ɗauka shekaru aru-aru, yanzu abin da ya fi amfani a cikinsu shi ne abin da ke gefe: ina gidaje suka tsaya, ina kududdufi yake, ina hanya ta bi. Da masu ɗaukar sun datse gefen, da yau ba mu san abin da aka ci ba. Shi ya sa nake ganin ko don na baya, Auwal ya ajiye waɗanda ba a taɓa ba.

Hajiya_Bilki_Kaduna:
Ajiyewa a kwamfutarka daban, watsawa a Facebook daban. A kan ajiyewa ban da ja.

Nura_Injiniya:
Mu koma ga tafiyar ƙasan, don akwai masu shirin zuwa. Takalmi mai taushi, ruwa a jaka, batir na biyu ko fawa banki. Daga Kom el-Dikka zuwa ginshiƙin kusan kilomita biyu ne ta cikin kasuwa da cunkoso. Daga tashar Raml da ke tsakiyar gari zuwa Ƙaitbai ta bakin teku kusan uku, amma iska na kaɗawa ba ka jin ta. Tsallaka titin bakin tekun nan shi ne abin tsoro, motoci ba sa tsayawa, ka bi bayan 'yan gari. Ɗalibai ku riƙe katin makaranta, ana rage kuɗin shiga, ku kuma riƙe katin banki don wurare da yawa sun daina karɓar tsaba. In yunwa ta kama ka, burodi da soyayyar hanta irin ta garin ya wadatar.

Ummu_Hanan:
Ƙaitbai kuwa in kana son hasken ya sauka a jikinta, da safe ka ɗauke ta daga bakin tashar ruwa ta gabas, kwale-kwalen masunta a gaba. Da yamma daga wajen sabon babban ɗakin karatu na Iskandariyya za ka same ta baƙa ƙirin, rana na faɗuwa ta wajenta. Kowanne da kyansa.

Malam_Tukur_Tarihi:
Tunda an zo Ƙaitbai, bari in ƙara ɗaya. Sarki Ƙaitbai ya fara ginin a 1477 a daidai inda hasumiyar Pharos mai haska wa jiragen ruwa ta tsaya fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari biyar. Girgizar ƙasa ce ta cinye ta, musamman ta 1303. Ibn Baɗuɗa ya gan ta a 1326 gefe guda ya zube, da ya dawo a 1349 ko shiga bai iya yi ba. A 1994 masu nutso suka fara tattara bayanan manyan duwatsun da ke kwance a ƙarƙashin ruwa a gindin ƙal'ar, wasu abubuwan da aka tsamo suna nan a jere a Kom el-Dikka. Dogayen duwatsun nan biyu kuma da ake kira allurar Kiliyofatara, da a da suke a wajen tashar Raml ta yanzu, ɗaya yana Landan ɗaya yana New York tun ƙarni na 19. Mafi yawan abin da garin ya yi suna da shi, mai kyamara ba zai same shi a tsaye ba.

Auwal_Fagge:
Na wuce waɗannan duwatsun a Kom el-Dikka ban ko ɗauke su ba, na zaci tarkace ne aka tara. Yanzu na sake duba hotunan. Akwai guda ɗaya da na so gogewa: kujerun dandalin a ƙasa, sama da su katanga, sama da katangar bene, wani dattijo a baranda yana shan shayi yana kallon ramin. Fuskarsa ba ta fito ba, ƙarami ne ƙwarai a hoton. Hajiya, wannan fa?

Hajiya_Bilki_Kaduna:
In ba a gane shi, kuma babu kayan iyalinsa a fili, ni ban ga laifi ba. Amma turo mini ta gefe in gani tukuna.

Bakatsine92:
Ni har yanzu na Ibro na fi so, ginshiƙi da sama kawai. In ka koma ka ɗauko mini irinsa, zan sa a bangon shagona.

Sani_Kumasi:
Malam Auwal, yaushe za ka koma? Ƙanina yana karatu a can Alƙahira, bai taɓa zuwa ba, ina so ya bi ka.

Auwal_Fagge:
Bayan jarrabawar Janairu in sha Allah, kwana biyu zan yi. Ya yi mini magana. Anti Ummu Hanan, wace unguwa ta fi dacewa mu sauka don mu riski ƙofar Kom el-Dikka da ƙafa kafin a buɗe?

Ummu_Hanan:
Ku nemi masauki a wajen tashar Raml. Ku biyo titin Nabi Daniyal, minti goma sha biyar zuwa ashirin kun isa. Ku tafi da rigar ruwa.